Shekarar da Yatsun Baba Suka Kumbura

Babanmu wanzami ne, haka ma uban da ya haife shi. A Birnin Tudu muka tashi, cikin ƙasar Bakura, kuma tun ina ƙarama na saba ganinsa yana fita da zabira a kafaɗa, wato jakar fatar da yake zuba asake da ƙahoni a ciki. Yana aski, yana ƙaho, yana kaciya, shi ne kuma ake kira ran suna ya aske kan jariri. Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kama sunana ba. In yana son ruwa sai ya ce, "Ke, yarinyag ga." Aikina a lokacin shi ne wanke ƙahoni a bakin rijiya in ya dawo, da toka da ɗan soso, in kife su a rana su bushe.

Da na yi aure sai na koma Talata Mafara, inda maigidana yake koyarwa a makarantar firamare. Duk ranar kasuwa Baba yana zuwa garin, yana da inuwar da yake zama shi da abokan sana'arsa. In ya tashi da la'asar sai ya biyo ta gidanmu. Ba ya shiga ciki. A zaure yake tsayawa, in fito da fura, mu gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, ya sha, ya kama hanya.

Wata Talata, ƙarshen damina, gero ya fara ja a gonaki, na miƙa masa ƙwarya sai na ga ya kama ludayi da hannu biyu kamar ƙaramin yaro. Na dubi yatsunsa. Gaɓoɓin sun tashi, fatar tana sheƙi, zoben azurfar da yake sawa ya nutse cikin nama.

Na ce, "Baba, me ya sami hannunka?"

Ya ce, "Babu komi. Sanyi na. Ruwan bana ya yi yawa."

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce kwanakin baya ya yi ɗan zazzaɓi da kasala, ya sha maganin maleriya, zazzaɓin ya sauka, sai kuma wannan ya biyo baya. Ya ce yau ma kai biyu kawai ya aske ya bar wa abokansa saura. Ya faɗi haka yana kallon ƙofa, alamar ba ya son a ja maganar. Da zai tashi ya dafa bango.

Talatar da ta biyo bai zo ba. Ƙanena, wanda yake noman shinkafa a filayen ban ruwa, shi ya kira ni a waya ya ce abin ya sauka gwiwoyi, har da wuyan ƙafa, ga wasu ƙuraje masu ƙaiƙayi sun feso masa a cinya da ciki kamar borin jini. Ya ce Inna tana gasa masa da ruwan zafi safe da yamma, tana shafa man kaɗe da tafarnuwa. Wani abokin sana'arsa ya zo ya kafa masa ƙaho a gwiwa biyu. Mai kemis na unguwa ya ba shi ƙwayoyin kashe zafi iri-iri, ya ƙara da allura. In ya sha sai ya ɗan samu sauƙi, kafin gari ya waye ciwon ya dawo, yatsun su sandare, sai rana ta ɗaga sannan su fara lanƙwasuwa.

Daga nan magana ta fara canza launi a gida. Wata ƙanwar Baba ta ce wannan ba sanyi ba ne, jifa ne, ai hannu aka nufa tun da da hannu yake ci. Ta ce akwai wani mai magani can wajen Tsibiri, a ƙasar Maradun, da ya san irin wannan. Hanyar ba ta da daɗin bi a shekarun nan, kowa ya san dalili, ba a fita sai rana ta yi sosai, ba a kuma bari la'asar ta riski mutum a daji. Duk da haka ƙanena ya goya shi a babur suka je. Suka dawo da ƙullin saiwoyi na jiƙo da 'yan tsage-tsage a gwiwa da aka cusa baƙin gari a ciki. Girgizar babur kaɗai ta kwantar da shi kwana biyu.

Na nemi izinin maigidana na tafi Birnin Tudu. Na iske Baba a zaune yana sallar azahar, ƙafafu a miƙe, ba ya iya durƙusawa. Inna ce ta zuba masa ruwan alwala, ita ce kuma take sa masa riga. Mutumin da ban taɓa ganin ya nemi a miƙo masa takalmi ba. Da ya sallame na gaishe shi, na ce ya kamata mu je asibiti.

Ya ce, "Mi za ni yi asibiti? Ni da ka yi ma mutane maganin wanga ciwon? Na san shi. In kaka ta yi, ƙasa ta bushe, shi ma zai bushe."

Ba maganata ce ta kai shi ba. Ana gobe zan koma, aka yi suna a maƙwabta, gidan da Baba ya aske uban jaririn da kansa ran nasa sunan. Suka aiko a kira shi. Ya ce a kama shi ya miƙe. Na bi bayansa na tsaya cikin mata. Aka miƙo masa jaririn, ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya ɗauko aska. Na ga yana ƙoƙarin rufe yatsu a kan ƙotar, suna ƙin rufuwa. Ya sake gwadawa. Askar tana rawa a saman maɗigar yaron, uwar tana leƙe daga ƙofar ɗaki. Sai ya janye hannunsa a hankali ya ce a je a kira wane, ya ambaci abokin sana'arsa. Ya yi wa jaririn addu'a ya tashi. Da muka shiga gida ya ce wa Inna, "A wanke mini riguna. Gobe za ni Mafara da yarinyag ga."

Ya ƙi kwana gidan suruki. Maigidana ya roƙe shi har sau nawa, ya ce ɗakin zaure a share yake, Baba ya ce Allah ya yi albarka, amma yana da masauki wurin wani tsohon abokinsa mai sayar da fata. Da safe muka ɗauko shi muka tafi asibiti.

Likitar da muka samu mace ce, ba ta wuce sa'ata ba. Na ga Baba ya ɗan ɓata fuska da ya gan ta. Ta gaishe shi gaisuwar mutanen wurinmu, ta tambayi gida da damina da gajiyar hanya, sannan ta ce ya ɗora hannayensa a kan tebur. Ta daɗe tana dubawa, tana latsa kowace gaɓa tana kallon fuskarsa. Sai ta shiga tambaya. Hannu ɗaya ya fara ko duka biyun tare? Da safe ya fi tsanani ko da yamma? Zazzaɓin ya riga kumburin ko ya biyo shi? Ƙurajen fa, yaushe suka fito? Akwai wani a gida ko a unguwa mai irin wannan? Akwai jikokin da suka yi zazzaɓi da ƙuraje kwanan nan? An taɓa ƙara masa jini? A danginsa akwai wanda yatsunsa suka karkace da tsufa?

Baba ya gaji. Ya ce, "Likita, ciwon ga hannu yake. Ga shi kina gani."

Ta ce, "Ina gani, Baba. Amma abubuwa da yawa suna kumbura gaɓa, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Labarin ne yake raba su. Mene ne sana'arka?"

Ya ce wanzanci.

Ta ajiye biro. Ta juya tafin hannunsa tana duban tabban da ke babban yatsa da manuniya. Ta ce aska tana yankarsa in yana aiki? Ya yi 'yar dariya, ya ce wanzamin da aska ba ta taɓa ci ba bai fara aiki ba. Ta ce ƙaho fa, da baki yake ja? Ya ce to da me ake ja? Ta ɗaga fatar idonsa ta duba, ta sa ya kwanta ta latsa cikinsa ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Ya ɗan cije leɓe.

Ta yi mana bayani a hankali, ni da shi. Ta ce babu gwaji guda da za a yi ya ce ga ciwon, sai dai a bi su ɗaya-ɗaya ana fitarwa. Akwai kumburin da ƙwayar cuta mai sa mugunya take kawowa in ta shiga cikin gaɓa, wannan shi ne mai gaggawa, don haka za ta zuƙi ruwan gwiwar a duba. Akwai sanyin ƙashi mai daɗewa, wanda yake cin gaɓoɓi har su karkace, za a ɗauki hoton ƙashi a kuma duba jini. Sannan akwai wanda ta fi zargi: wasu ƙananan ƙwayoyin cuta da ake kira bairos, waɗanda maganin maleriya da su kafso ba sa taɓa su. Ta ce wasu sauro ne yake kawo su, wasu daga yara ake ɗauka, wasu kuma hanta suke nufa amma su fara bayyana a gaɓoɓi. Zazzaɓi, sai ƙuraje, sai hannu biyu su kumbura tare cikin ɗan lokaci, haka nasu yake zuwa. Ta ce ya daina ƙwayoyin kemis da jiƙon saiwoyin nan gaba ɗaya har a san halin da hantarsa take ciki.

Aka zuƙi ruwan gwiwar da sirinji, ya fito garai-garai, launin ruwan zuma, babu mugunya. Hoton ƙashi ya nuna ƙasusuwan lafiya lau. Aka ɗebi jini. Wani gwajin a ranar babu kayan yinsa, wani kuma sai an aika babban gari, aka ce mu dawo bayan kwanaki. Baba ya fita yana ƙorafi, ya ce an sha masa jini an zuƙe masa gwiwa an kuma hana shi magani, wannan wane irin asibiti ne.

A cikin kwanakin jiran nan ne abin da ya ruɗe mu ya faru. Kumburin ya fara sacewa da kansa. Ƙanena ya kira ni da murna ya ce Baba ya yi sallah a tsaye, ya cire zoben da ya maƙale, har ya sa an ɗauko masa dutse yana wasa asake a tsakar gida. Ƙanwar Baba ta ce ai dama ta faɗa, maganin mutumin Tsibiri ne ya fara aiki. Ni ma na yi murna, har na raba ƙosai sadaka. Na ce a raina ko ba ma sai mun koma ba.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta karɓi wayar da kanta, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce, "Ki zo ki ga idon babanku." Ta ce ya daina cin abinci, ƙanshin miya ma tayar masa da zuciya yake yi, fitsarinsa ya koma kamar shayin da ba madara. Da ƙanena ya kawo shi Mafara na ga farin idonsa ya zama ɗorawa, har tafin hannunsa. Hannun kuwa ya warke sarai, yana damƙe sandarsa da ƙarfi.

Likita ba ta yi mamaki ba. Ta ce sakamakon ya zo, kuma ya yi daidai da abin da idonsa ya nuna. Ciwon hanta ne, irin wanda suke kira nau'in B, kuma sabon kamu ne, bai daɗe a jikinsa ba. Ta ce a wasu mutane haka yake farawa: jiki yana faɗa da ƙwayar cutar, ɓarɓashin faɗan ya taru a gaɓoɓi da fata, su kumbura su yi ƙuraje, in shawara ta bayyana a ido sai gaɓoɓin su saki. Ta ce gaɓoɓin ba za su nakasa ba. Hantar ce abin lura yanzu. Za a kwantar da shi kwana kaɗan, kuma mafi yawan manya jikinsu yana korar cutar da kansa, sai an sake gwaji bayan wata shida a tabbatar.

Na ji sanyi a raina. Baba kuwa tambaya ya yi. Ya ce, "Ta ina taka shiga jikin mutum?"

Ta ce ta jini. Ta aska, ta allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, ta wurin haihuwa daga uwa zuwa ɗa, ta kwanciyar aure. Ta ce ba a ɗaukarta a cin abinci tare ko a gaisawa. Ta ce mai yiwuwa jinin wani da ya yi wa aiki ne ya shiga ta yankan da ke yatsansa, kuma shi wancan ɗin bai ma san yana da ita ba, domin mutane da yawa suna yawo da ita shekaru ba sa jin komai.

Ya dubi hannunsa ya ce, "In na aske wanga, na yanke shi kaɗan, na goge askar, na aske wancan. Tana iya bin askar?"

Ta ce, "Tana iya bi, Baba."

"Ko na wanke da ruwa?"

"Ko ka wanke da ruwa. Tana daɗewa a kan ƙarfe, ko jinin ya bushe, ko ido ba ya ganinsa."

Bai ƙara tambaya ba. Na so ta sassauta maganar, na dube ta, amma na ga ita ma ba da son ranta ta faɗa ba. Ta ce a kawo mutanen gida duka a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa allurar rigakafi.

Muka zo, ni da Inna da ƙanena da matarsa da sauran ƙannenmu mata. Inna ba ta da ita. Ni ma haka, da matar ƙanena da 'yan matan. Ƙanena ne aka ce ya dawo a sake ɗibar jininsa. Da sakamako na biyu ya zo, likita ta kira shi ita da shi, ya ce in shigo tare da shi. Ta ce yana da ita, amma tasa ba sabuwa ba ce, ta zauna a jikinsa, wataƙila tun yana yaro, don yaran da suka kamu su ne cutar ta fi zama a jikinsu. Ta ce a yanzu hantarsa lafiya take, ba ya bukatar magani, sai dai ya riƙa zuwa ana dubawa har iya rayuwarsa. Ƙanena ƙato ne, mai ɗaukar buhun shinkafa shi kaɗai, bai taɓa kwanciya ciwo ba. Ya yi ta kallonta kamar da wani take.

Mun so mu ɓoye wa Baba, amma yana kwance a asibitin nan, ya ga mun shiga mun daɗe. Da muka zo bakin gadonsa ya dubi ƙanena ya ce, "Faɗa mini." Ya faɗa masa. Baba ya ce a kira likita. Da ta zo ya ce, tun da uwar ba ta da ita, ba a ciki ya samo ba ke nan. Ta ce da alama haka ne. Ya ce shi ya yi wa yaron nan kaciya da hannunsa, tare da sa'o'in yaron na unguwa, a layi, safiya ɗaya, da aska ɗaya.

Likita ta ce, "Baba, ba wanda zai iya cewa daga nan ne. Yara suna ɗauka wurin wasa, wannan da gyambo wancan da gyambo. Akwai masu allura na ƙauye. Ba ni da gwajin da zai nuna ranar da ta shige shi."

Ya ce, "Na ji. Amma ba ki ce ba daga nan ba ne."

Sai ya juya fuskarsa bango.

Shawarar ta ɗauki makonni kafin ta washe. Ya rame ƙwarai, sannan a hankali ya fara cin tuwo, ƙarfi ya dawo. Da wata shida suka cika aka sake gwaji, likita ta ce cutar ta bar jikinsa, ba za ta sake kama shi ba, shi ma ba zai ba kowa ba. Ta ce yana iya komawa aikinsa in zai riƙa amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, ya sa safar hannu, ya bar ƙahon baki. Ya yi godiya. Maigidana ya sayo masa kwalin reza. Yana nan a kan katanga cikin ɗakinsa, ban ga an buɗe ba.

Abin da ya yi maimakon haka ba mu zata ba. Wata Juma'a bayan an sauko, ya nemi liman ya ba shi dama, ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi ciwon da ya yi da yadda ake ɗaukarsa. Ya ce duk wanda ya san askarsa ta taɓa jikinsa ko jikin ɗansa, ya daure ya je a duba jininsa. Ƙanena yana wurin. Ya ce nan take aka fara gunaguni a masallacin.

Wasu sun je, ba su da yawa. Mafi yawa sun ce tsufa ne ya fara taɓa shi, mutum lafiyarsa ƙalau me zai kai shi neman ciwo. Abokan sana'arsa suka ji haushi ƙwarai. Wanda ya kafa masa ƙaho lokacin da yake kwance ya zo har gida ya ce, in shi ya gaji da aiki ya ajiye, amma kada ya zuba wa sauran ƙasa a abinci, su ma iyali gare su. Suka daina zama inuwa ɗaya. A majalisar ƙofar gida, inda dattawa suke haɗa akushi da yamma, aka fara kawo wa Baba nasa daban, wai don kada a takura masa. Ya gane. Ya yi musu bayani sau ɗaya cewa ba a ɗauka a abinci, kuma shi ma ya warke. Suka ce haka ne, haka ne. Washegari aka sake kawo nasa daban. Daga nan ya koma cin abinci a cikin gida.

Ina Birnin Tudu ranar da wani dattijo ya zo daga Dosara, makiyayi ne da ya daɗe da zama wuri ɗaya, Baba ya yi wa 'ya'yansa duka aiki. Labarin ya kai masa. Suka gaisa a zaure, ina bayan ƙyaure ina jinsu don ni na kai ruwa. Bayan gaisuwa ta ƙare mutumin ya ce ɗansa na biyu, wanda ya rasu shekarun baya yana saurayi, cikinsa ne ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, aka ce musu iska ce. Ya ce bai zo da faɗa ba. So yake kawai ya ji, ko shi ne wannan ciwon.

Baba ya ce, "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Yana iya zama shi na."

Mutumin ya ce Allah ya riga ya rubuta. Ya ce ya yafe in ma akwai abin yafewa. Ya sha ruwa, ya yi sallama ya tafi. Bai sake zuwa gidanmu ba, a da kuwa duk sallah yana aiko wa Inna man shanu. Baba ya zauna a zauren har aka kira magariba.

Yanzu shekaru sun ɗan ja. Gaɓoɓin Baba ba su sake kumbura ba ko sau ɗaya, yatsunsa sun fi nawa ƙarfi. Yana noma 'yar gonarsa ta gero da wake, yana kiwon tumaki biyu-uku. Ba ya zuwa kasuwar Mafara. Garin ma ba ya shigowa sai ranar da ƙanena zai je a duba hantarsa. Ranar kuwa, ko ana shuka ko ana girbi, sai ya sa riga ya hau bayan babur. Ba ya shiga wurin likita. A ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke harabar yake zama, in ƙanena ya fito ya miƙe tsaye ya dubi fuskarsa. In ya ce lafiya, sai Baba ya ce alhamdu lillahi, su kama hanya. Zuwa yanzu lafiya ake cewa. A zuwan da suka yi na baya likita ta ce wani abu a jinin ya ɗan hau, za a matso da ranar dawowa. Ƙanena bai faɗa wa Baba wannan ba, ni ya faɗa wa.

Ranar muna zaune a tsakar gidana ni da ƙanena, Baba yana zaure tare da maigidana. Na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya, ko yana riƙe da Baba a ransa. Ya ce ko kaɗan. Ya ce da askar nan aka ciyar da mu duka, kuma Baba bai yi komai ba sai abin da ya ga ubansa yana yi. Ya ce abu ɗaya ne yake damunsa. A da, kullum da safe shi yake zuwa ƙofar Baba ya durƙusa ya gaishe shi, kamar kowane ɗa. Yanzu kafin ya gama shiri sai ya ji sallama a ƙofar ɗakinsa, Baba ne a tsaye, yana tambayar yadda ya kwana, ko ya ji wani ciwo, ko ya ci abinci jiya.

Ya ce, "Yaya, na roƙe shi ya bari. Na ce ni ya kamata in zo. Ya ce to. Da safe kuma sai ga shi."

Muna nan zaune sai maigidana ya leƙo ya ce Baba yana cewa su tashi, kada la'asar ta same su a hanya.